Ku Ajiye Bokiti, Ku Ɗauko Tiyo

To, masu dariya, ku ƙarasa, ba sauri nake ba. Na san abin ya kai a dara: mutum da hankalinsa, da iyalinsa, a tsakiyar Ƙofar Wambai, ya girke akwatin gilas a falo ya zuba kifi shida, kuma wai duk mako sai ya sauya musu ruwa. Kanawa ku koma ku zauna, ba taku Ƙofar Wambai ta robobi da gwanjo nake nufi ba. Tamu ce ta Bauchin Yakubu, 'yar'uwar Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti a tsohuwar ganuwa. Amma kada ku yi nisa, akwai cinikin duro da tiyo a gaba, kuma in dai ciniki ne ba a barin Bakano a baya.

Kifin sunansa diskus. A majalisarmu an raɗa masa faifai, ban kuwa ga laifin kowa ba, don zagayayye ne shafaffe, babbansa kan kai santimita 15 zuwa 20. Asalinsa kogin Amazon da rassansa, a ƙasashen Barazil da Peru da Kwalambiya. Wani masanin kifi ɗan Ostiriya, Johann Jacob Heckel, shi ya fara sa shi a littafi a 1840. A lissafin masana kuwa gidansu ɗaya da karfasa. E, Alhaji, karfasar da ake soya maka da yaji bayan isha'i, ɗan'uwanta ne, sai dai shi ya tashi a ƙasar waje, ya zo da ja da shuɗi da ruwan ɗorawa a jiki, ya kuma zo da iyayi. Yana da wata ɗabi'a da ko ku masu taurin kai sai kun ce tabarakallah. 'Ya'yansa idan suka fara iyo, wani yauƙi da ke tsattsafowa daga fatar iyayensu suke tsotsa. Uwa ta yi nata rabon, ta girgije su, uba ya karɓa, a haka har makonni kafin a yaye su.

Na ji ka, Kawu. A'a, ba don tukunya na ajiye shi ba, kuma ba zai je Argungu ya ciyo kyauta ba. Amma dokin da kake wa hidimar dusa da harawa da kanwa shekara guda cur don ka hau shi da Sallah, yanka shi kake yi? Kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Ku kuma masu cewa wannan sha'anin Turawa ne, ku sani daga Legas ana lodin kifayen kogunanmu zuwa Turai da Amurka don a zuba a gilas a yi ta kallo. Namu ya je can an karɓe shi hannu biyu, nasu ya zo nan kuna yi masa ature.

Duk wannan wasa ne. Maganar da nake girmamawa ita ce ta wanda ya taɓa gwadawa. Shi ba ya dariya, tsaki yake yi. Zai ce maka wata uku na farko komai lafiya, daga nan bayansa ya fara ciwo, mako ya koma mako biyu, mako biyu ya koma sai an ga hali, kifayen suka yi baƙi suka bi juna ɗaya bayan ɗaya, yanzu akwatin yana sito an cusa tsofaffin takardu a ciki. Ya gama da cewa kifin ne ba ya son ƙasar nan. Yallaɓai, da girmanka, ƙasar nan ba ta yi masa komai ba. Bokiti ne ya kashe shi, kuma zan nuna maka yadda aka yi.

Kifi a ruwa yake ci, a ruwa yake zubar da abin da ya ci. Yawancin dattin ma ba ka ganinsa, don ta jan naman nan da ke ƙarƙashin murfin kuncinsa, wanda yake numfashi da shi, yake fitar da amoniya, sinadarin da ke sa akurkin kaji hawa ido. Amoniya guba ce. Abin da ke ceton kifin wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, masu zama a cikin soson matatar ruwan akwatin. Kashi ɗaya suna juya amoniya ta koma naitirait, wadda ita ma guba ce, kashi na biyu su juya ta ta koma naitiret, wadda take da sauƙi. Sai dai a nan aikin yake tsayawa. Naitiret ba ta da inda za ta, taruwa take yi kullum, kuma matata irin ta gida ba ta cire ta. Masu kiwon diskus sukan yi ƙoƙarin kada ta wuce miligiram 20 a kowace lita, ana aunawa da wasu 'yan kwalabe da ake ɗigawa a gwada launin da kati. Hanyar rage ta guda ɗaya ce mai araha: a fitar da tsohon ruwa a zuba sabo.

A gidansu babu wanda ke yi masa wannan wahala, kogin ne ke yi. Amazon yana juye abin da ya kai mita kubik dubu 200 a Tekun Atalantika kowace daƙiƙa. Ruwan da kifin ya ɓata da safe, kafin hantsi ya yi gaba. Wanda bai je Barazil ba kuwa ai ya je Yankari. Ku tuna Wikki. Digiri 31 dare da rana, rani da damina, garau har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan yashi, duk da jama'ar da ke faɗawa ciki. Dalili, ba ya kwana wuri ɗaya. Yana ɓulɓulowa daga gindin dutse yana gangarawa kogin Gaji. Abin da diskus yake nema ke nan ba ƙari: ɗumi tsakanin digiri 28 da 30, tsabta, da ruwan da ba ya sauya hali tsakanin yau da gobe. Mutumin Bauchi ne ƙarshen wanda ya kamata a tsaya yi wa dogon bayani a kan wannan.

Sai wani ya leƙa ya ce, "Haba Malam, ruwan nan fa garau yake, me za a sauya?" Ranka ya daɗe, naitiret ba ta da launi, ba ta da wari. In kana son gaskiya ka bar kallon ruwan, ka kalli mai gidan. Diskus mai lafiya yana tsaye a tsakiyar akwati, fuka-fukansa a baje, da ya ga inuwarka ya taso gaban gilas yana neman abinci. Wanda ruwa ya dama kuwa, launinsa sai ya dushe ya yi duhu, waɗansu ratsin baƙi na tsaye su fito masa a jiki, ya tsuke fuka-fukai, ya koma lungu bayan matata ya juya maka baya. Ka jefa abinci ya ɗauka ya tofar. Ƙaramin da ya tashi a irin wannan ruwa ba ya ƙara girma, amma idonsa ba ya tsayawa, sai ka ga ɗan kifi da ƙaton ido, jikin ya miƙe ya bar zagaye. Wannan ba ya gyaruwa ko da ka tuba daga baya. Sannan masu wayon cikawa, waɗanda in ruwa ya ja baya da hunturu sai su ƙara kofi biyu su ce sun sauya, su sani abin da iska ta kwashe ruwa ne zalla. Dattin yana nan daram, ƙara kauri ma ya yi.

Yanzu bari in juyo kanka, kai mai kiwon tarwaɗa a tamfol a bayan gida, da na hango kana ƙyalƙyata tun ɗazu. Kai da kwana biyu ko uku sai ka zubar da ruwan kududdufinka, har maƙwabta sun san ranar da hanci? Tarwaɗa ma ke nan, mai taurin rai, wadda ke iya haɗiyar iska ta kwana a taɓo. To faɗa wa jama'a, da bokiti kake kwashewa? Ina! Bawul ka sa a gindi, ka murɗa, ka koma gefe kana latsa waya. Dabarar da zan faɗa a wurinka na gano ta, abin da na ƙara kawai shi ne na shigo da ita falo.

Ga lissafin bokiti. Akwatin da zai ɗauki manya shida ba tare da sun takura ba, a ce tsawonsa santimita 120, faɗi 50, zurfi 50, lita 300 ke nan. Kada ka ce za ka sayi guda biyu ka huta, diskus ɗan garke ne, in sun yi kaɗan babban sai ya sa ƙaramin a gaba da duka har ya daina ci. A mako ka fitar da sulusi, wajen lita 100, jarka huɗu 'yan lita 25. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Kilo 100 waje, kilo 100 ciki, nauyin buhun siminti huɗu duk mako, kuma na shigowa sai ka ɗaga shi har ƙirji kafin ka juye. A shekara ya haura tan goma. Ga ɗigo a kan kafet, ga Hajiya tana kallonka ba ta ce komai ba, wanda ya fi ta ce wani abu. Wane ɗan Adam ne zai jure? Ba lalaci ba ne ya kayar da yallaɓai, tsarin ne ba mai ɗorewa ba. Duk aikin da sai ka ɗaura ɗamara kafin ka fara, ranar da ka dawo a gajiye za ka ce gobe.

Don haka a bar ruwa ya yi tafiyarsa da ƙafarsa. Akwatin dama a kan teburin ƙarfe yake, wanda mai walda ya haɗa da kyau, tunda ruwan kaɗai kilo 300 ne. Tsayin teburin nan shi ne injinka na farko, kuma ba ya shan mai. Ka samo tiyo mai tsawon da zai kai tsakar gida. Ka je wurin mai gyaran famfo da guntun bututun roba da gwiwa biyu, ya haɗa maka ƙugiya da za ta rataya a bakin gilas, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. A nan wayon yake: ƙafar ciki a yanke ta daidai inda kake son ruwan ya tsaya. A akwati mai wannan girma kowane santimita ɗaya na zurfi lita 6 ne, saboda haka santimita 16 ya ba ka kusan lita 100. Da ruwa ya sauka zuwa bakin bututun sai ya shaƙi iska ya tsaya da kansa, ko kana wurin ko an yi sallama da kai a zaure an riƙe ka da hira. Ka ɗaura 'yar raga a bakin don kada ya tsotse gefen kifi. A ƙarshen tiyon ka sa bawul, in ka rufe shi kafin ya shaƙi iska tiyon ya zauna cike da ruwa.

Kada in ga kowa yana zuƙa da baki irin na masu sayar da fetur a galan. Ka cika tiyon da ruwa, ka toshe baki biyun da babban yatsa, ɗaya ya shiga akwati, ɗayan ya sauka ƙasa, ka saki. Shi ke nan. Tun da na ambaci fetur: tiyo ko jarka ko mazurarin da ya taɓa ganin fetur, ko kalanzir, ko maganin feshin gona, ya haramta ga kifi har abada, ko an wanke shi sau nawa. A sayi sabo, a rataye shi a ƙusa ta daban, a gaya wa yaran gida wannan ba na wankin babur ba ne.

Kafin ka rataya ƙugiyar, ka ɗauki minti biyar da siririn tiyo ka bi ƙasan akwatin ka tsotse kashi da ragowar abinci. A nan nake raba gari da masu son ado. Tsakuwa masu launi da ƙaramin gidan roba da jirgin ruwan da ya nutse, duk maɓoyar datti ne. Ni ra'ayina a bar ƙasan gilas tsirara, ko a shimfiɗa yashi ɗan siriri. In ƙasan a share yake, motsin ruwa da kansa yakan tara dattin a kusurwa guda, ka ɗora bakin tiyo a kai, fuut, ya wuce. Wannan ya fi muhimmanci ga masu ba su zuciyar sa, wadda ake sa mahauci ya cire mata kitse da jijiya a niƙa a daskarar. Tana gina jiki, amma ba abin da ya kai ta ɓata ruwa. Abin da ba su cinye ba cikin 'yan mintoci, a fitar da shi nan take.

Fitarwa ke nan. Shigarwa kuma sai duro. Shuɗin duron roba mai lita 200, wanda ka tabbatar abin ci ko abin sha aka zubo a ciki ba sinadari ba, da murfinsa. Murfin ba na ado ba ne. Sauro yana neman inda zai yi ƙwai, kuma gidan da ke da yara masu rarrafe da masu hawa kujera bai kamata a bar duro a buɗe ba ko na minti ɗaya. Ka cika shi yau, ka jefa ɗan dutsen kumfa da ke haɗe da injin iska, ya kwana yana tafasar sanyi, gobe ka yi amfani da shi. A gindinsa ka ajiye ɗan ƙaramin sumo irin na akwatin kifi, mai tura lita 1,500 zuwa 2,000 a awa. Wutar da yake ci ba ta fi ta ƙwan fitila biyu ko uku ba, ƙaramar sola ma ta ɗauke shi. Ka jona, cikin minti goma ya mayar maka da lita 100. Ka sa bakin ruwan ya bugi gilas ko ya zuba a kan faranti don kada ya firgita su. Wannan ɓangaren ba ya tsayawa da kansa, saboda haka ka tsaya a kai, ko ka saita ƙararrawar waya. Wanda ba ya son dogaro da wuta kuma sai ya sa mai walda ya ɗaga duron ya fi akwatin tsayi, a huda gindinsa a sa kan famfo, ruwa ya gangaro da kansa. Duka aikin, daga ɗauko tiyo zuwa rataye shi, bai kai rabin awa ba, kuma abu mafi nauyi da ka ɗaga shi ne murfin duro. In ya zama haka, sai ka ga har sau biyu a mako kana yi ba tare da an roƙe ka ba, kuma kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi wa kifin alheri a kan babban juyi sau ɗaya a wata.

Ku lura da wani abu, ku masu cewa nan ba wurinsa ba ne. Bature mai kiwon diskus sai ya yi rigima da matarsa kafin ya sami inda zai ajiye duro a ɗan gidansa na bene, sannan ya biya kuɗin wutar ɗumama ruwa kusan duk shekara. Mu kuwa wane gida ne a cikin ganuwar Bauchi babu randa, babu duro, babu jarka a jere? Tanadin ruwa a jininmu yake. Ɗumi kuma Allah ya ba mu kyauta yawancin watanni.

Wane ruwa za a zuba a duron? Na famfo, wanda ke zuwa daga Dam ɗin Gubi a arewacin gari, an tace shi da alif an sa masa kulorin. Kulorin rahama ne gare mu, shi ke kashe ƙwayar kwalara da taifot. Ga kifi kuwa ajali ne, yana ƙona wurin numfashinsa, ya kuma kashe ƙwayoyin da ke cikin soso. Kwanan da ruwan ke yi a duro da kumfa shi ke korar sa. Akwai wani nau'in da wasu gidajen ruwa a duniya ke haɗawa da amoniya, shi ba ya tashi da kwana, don haka kwalbar maganin kashe kulorin ba asara ba ce, 'yan ɗigo ake sawa. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, amma ya fito daga ƙarƙashin ƙasa da ƙarancin iskar shaƙa, kuma tsaminsa kan sauya bayan ya sha iska. Gara ya yi wannan sauyin a duro da ya yi shi a kan kifi. Rijiyar cikin gari kuwa, inda gida ke manne da gida kuma masai ba shi da nisa, a auna ta tukuna, don wata tana zuwa da tata naitiret ɗin tun daga tushe, ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. In mai ga-ruwa ne ke kawo maka, kura guda ta cika duro, amma ku yi yarjejeniya ya riƙa ɗebowa wuri ɗaya kullum. Ruwan sama na indararo yana da laushi irin na Amazon, sai dai a bar na farko ya wanke kwano, kuma a gauraya shi da wani, don shi kaɗai tsaminsa ba ya da riƙo. Wani ɗan gayu ya ce me zai hana fiya wata. Lita 100 leda 200 ce, jaka goma. Bismillah, ka fara ɓulawa da haƙori, za mu dawo bayan la'asar mu ga inda ka kai.

Kada kuma karatun intanet ya ruɗe ku ku shiga farautar ruwan Rio Negro, baƙin kogin nan mai tsami da ke haɗuwa da Solimões a kusa da birnin Manaus. Diskus ɗin da ke isowa kasuwa yawancinsa bai taɓa ganin Amazon ba, kakanninsa ma haka. A gonakin Penang ta Malesiya da na Tailan ake ƙyanƙyasarsa, inda akan sauya yawancin ruwan ƙananan kullum, ko a Jamus, inda gidan Stendker na garin Warendorf ya yi suna wajen rainonsa a ruwan famfo. Sai in kana son su hayayyafa ne laushin ruwa zai zama babbar magana. Mai ɗiga wannan magani yau don ya sauke tsami, gobe ya ɗiga wancan don ya ɗaga, shi ne yake wahalar da kifin. Ruwa ɗaya, daga wuri ɗaya, ya kwana a duro ɗaya.

Yanayi ne kawai zai sa ka ɗan yi tunani. A Disamba da Janairu ruwan da ya kwana a tsakar gida cizo yake yi da asuba, kowa ya san haka a wurin alwala. In ka juye shi a kan kifin da ke zaune a digiri 29, ka nemo masa ciwo. Duron ya zauna a cikin ɗaki, a sa masa hitar ɗumama ruwa, ko a tafasa buta a juye a cikin duron, ba a akwatin ba, a motsa a auna. Bambancin kada ya wuce digiri ɗaya ko biyu, kuma da la'asar za a yi aikin. A Maris da Afrilu labari ya juya. Baƙin tankin da ke saman gida da azahar ruwansa ya isa wankan jego, sai a tara na duro da sassafe. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, saboda haka kumfa kada ta tsaya, a ajiye ɗan injin iska mai batir saboda ranar da aka ɗauke wuta, a kuma juya fanka ta riƙa bugun saman ruwan. Kowane lokaci ne dai, kafin hannunka ya shiga ruwa ka zare duk wani fulogi. Hitar gilas in ruwa ya sauka ya bar ta a kunne fashewa take yi, kai ma kuma ba ka fi ƙarfin lantarki ba.

Hajiya, ranki ya daɗe, saura ke. Na san idonki yana kan soson nan mai ruwan ƙasa, hannunki yana ƙaiƙayi. Don Allah a yi haƙuri. Wannan dattin shi ne ma'aikatan gidan. Ana matse shi ne a hankali a cikin roba da tsohon ruwan da aka fitar, sau biyu ko uku, a mayar. Ba sabulu, ba omo, ba a kai shi bakin famfo. Gilas kuma a goge cikinsa da sabon soso da bai taɓa ganin wanke-wanke ba. In za a fesa maganin sauro da magariba, musamman fiya-fiya, a kashe injin iska na ɗan lokaci a lulluɓe akwatin da duron, ko ma a bar falon a fesa ɗakunan kwana kawai. Abin da ke kayar da sauro a sama yana kayar da kifi a ruwa.

Ba kowa nake kira ba, kada a ce na yaudari mutane. Diskus yana da tsada, daga nesa ake hawo da shi, kuma ba kifin koyo ba ne. In ba ka da tabbacin jarka huɗu a mako, ko ba ka da sola ko batirin da zai riƙe iska da ɗumi, ka fara da masu sauƙin kai, babu abin kunya. In kuwa ka nace, to duro da tiyo da ƙugiya su riga kifi shiga gida. Ka cika akwatin, ka kunna matata, ka riƙa jefa ɗan abinci a ruwan da babu kowa, mako huɗu zuwa shida, har ƙwayoyin soso su kafu, awo ya nuna babu amoniya babu naitirait. Sannan ka sayi waɗanda suka ɗan tasa, santimita 10 zuwa sama. Ƙanana sun fi araha, amma ci suke yi sau da yawa a yini, kuma sauyin ruwansu kusan na kullum ne.

Saura Malam na sahun gaba, wanda tun farko yake girgiza kai yana cewa almubazzaranci, mutane na neman na sha wani yana zubarwa saboda kifi. Allah gafarta Malam, maganarka tana kan hanya, da a ce kwata nake sakar wa. Amma bakin tiyon nan ba rariya yake nufa ba. Naitiret ɗin da ta dami kifi ita ce dai abincin da manomi ke saye da tsada a buhun taki. Jarka huɗun nan gindin gwanda suke zuwa, da zogale, da 'yan tukwanen tattasai da ke jikin katanga, wanda ya ragu a yayyafa wa tsakar gida kafin shara. Da can ma ana ba su ruwa, daga randa, ba tare da ya biya ta wurin kowa ba. Yanzu ruwa ɗaya ne yake aiki biyu. Zogalen ya yi duhu, ana tsinka yana tohowa, gwandar kuma ta ɗauka har sai da aka sa mata tokara. Kuma kada Malam ya sa in faɗi wanda yake turo almajiri duk Juma'a da 'yar roba, wai a sam masa ganye na kwaɗo, in akwai nunanniya a haɗo da ita.